Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ya riƙe mini adireshin shafina

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Assalamu alaikum. Na fito da maganar nan bainar jama'a ne don sau huɗu ina rubuto muku ta akwatin ƙorafi, kullum amsar ɗaya ce: "Muna kan dubawa."

Sana'ata haɗa shafukan intanet a Kano. A wannan aiki, kafin a tambaye ka takardar makaranta an ce maka turo shafinka mu ga hannunka. Wata biyu na yi ina gina nawa da HTML da CSS da ɗan JavaScript, yawanci cikin dare idan an kawo wuta. Na jera ayyuka uku a ciki: shafin wani mai atamfa a Kantin Kwari, na wata Islamiyya, da 'yar manhajar lissafin adashe. Na ɗora shi a GitHub Pages, wani dandalin ajiye shafukan intanet, kyauta. Abin da kawai na zo saye wurinku shi ne suna mai ƙarewa da .com.ng, don in daina miƙa wa mutane adireshi mai wutsiyar github.io.

Aikin da ya rage bai kai na minti goma ba. In shiga sashen DNS, inda ake haɗa suna da wurin da shafi yake ajiye, in zuba lambobin GitHub guda huɗu, daga 185.199.108.153 zuwa 185.199.111.153, in ƙara CNAME na www, wato layin da ke sa adireshin ya buɗe ko an fara shi da www, shi ke nan. Sai na tarar da sashen a kulle. Ma'aikacinku ya ce ba a buɗewa sai na sayi masaukin shafi, wato wurin ajiye fayilolinsa, a wurinku, sharaɗin da ko alamarsa babu a lokacin da kuke karɓar kuɗina. Na haɗiye na saya. Ana buɗewa kuma aka ce saura kuɗin SSL, shaidar tsaron shafi. Haba jama'a! Cibiyar Let's Encrypt kyauta take bayar da ita, kuma GitHub da kansa yake ɗauko ta da zarar DNS ya zauna daidai. Na ƙi biya, kuma tun ranar duk lambar da na saka, washegari sai in ga ta koma taku.

Na san canjin DNS kan kai awa 48 kafin ya gama bazuwa. Na ba shi mako guda. Ranar da wani kamfani a Legas ya kira ni ganawar ɗaukar aiki ta bidiyo, mai tambayar ya buɗe adireshin ina kallon allonsa. Chrome ya tare shi da gargaɗin rashin tsaro, ya danna ya wuce, sai ga tallar kamfaninku shimfiɗe a inda ayyukana ya kamata su fito. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Kai ne mai gyara wa mutane shafi?" Na yi sauri na tura masa na github.io, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ba su sake kira ba.

Yau wata uku ke nan. Ku ba ni lambar EPP, lambar sirrin da ake sauya wa suna kamfani da ita, in kwashe sunana in koma wani kamfani, ku kuma mayar mini da kuɗin masaukin da ban taɓa ajiye ko fayil ɗaya a cikinsa ba. Rasit da hotunan duk hirarmu suna hannuna. Idan kwana 7 suka cika ban ji daga gare ku ba, zan kai su NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, da kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Naku,
Wani abokin cinikinku daga Kano