A Daina Sa Hannu a Takardar Bashi Saboda Kunya

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja kunnen 'yan uwana 'yan kasuwa a Gombe.

Bara, gab da damina, ɗan wana ya ci bashin naira 600,000 wurin wani dillalin taki. Aka rubuta takardar alƙawari cewa zai biya bayan kaka, ya ce, "Baffa, ka tsaya mini." Na dangwala hannu ban ma nemi a karanta mini ba, a zatona shaida kawai nake. Farashin masara ya faɗi a kasuwar Tudun Hatsi, yaron ya kashe waya, ya yi Kudu. Sai ga sammaci a rumfata.

A kotu na gane shaida daban, mai lamuni daban. Shaida ganau ne, shi kuwa mai lamuni ya ɗora bashin a wuyansa. Malamanmu na Malikiyya ma haka suka ce: idan wanda ake bi ya tsiyace ko ya ɓace, wanda ya tsaya masa zai biya. Alƙali ya ce ina da haƙƙin bin yaron kuɗina daga baya. To, ina zan gan shi? Shanu biyu na sayar, kuma har yau ni da wana gaisuwa ce kawai.

Ina roƙon shugabannin kasuwa su sa a riƙa karanta wa mai tsayawa takardar da Hausa, a gaban shaidu, a faɗa masa adadin da ranar biya kafin ya sa hannu.

Wani ɗan kasuwa,
Jekadafari, Gombe