Dokar wasannin mata a Amurka: na yarda, amma wa zai duba yarinyar?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ɗan bani fili in tofa albarkacin bakina kan rigimar nan ta Amurka da ake ta turo mana a waya, ta jihohin da suka yi doka cewa wasannin mata na waɗanda aka haifa mata ne kawai, banda waɗanda aka haifa maza suka sauya jinsi, wasu ma suka haɗa da banɗaki da ɗakin canza kaya. Ni malamar motsa jiki ce a wata sakandaren 'yan mata, shi yasa abin ya tsaya min a rai.

Tun farko dai ina bayan dokar. Duk wanda ya taɓa riƙe agogo a bakin fili ya san idan namiji ya balaga jikinsa daban ne, tsawon ƙashi, faɗin ƙirji, ƙarfin tsoka, kuma babu allurar da zata mayar da dogon ƙashi gajere. A 2022 aka ba Lia Thomas kambun ninkaya na yadi 500 na matan jami'o'in Amurka, bayan shekara uku na ninkaya a ɓangaren maza na jami'ar Pennsylvania, toh ina laifin 'yan matan da suka ce an zalunce su? Su fa a can wasa hanyar samun sukolashif ne, tun da aka yi dokar Title IX a 1972 wadda ta buɗe wa mata wannan ƙofa. Jihar Idaho ce ta fara yin dokar ware wasannin mata ga waɗanda aka haifa mata a 2020, yanzu sun haura jiha 25. Zancen banɗaki kuwa ba sai na ja shi ba, North Carolina ta yi nata a 2016 aka yi mata ca har hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ɗauke wasan taurarinta daga birnin Charlotte na jihar, Florida ta yi a 2023, ni dai bana son 'yata ta tuɓe kaya a gaban kowa sai mata 'yan uwanta, shikenan.

Amma ga inda hankalina bai kwanta ba, kuma masu ta tafi a Facebook basa kallon wajen. Idan an ce ana shakkar yarinya, wa zai duba, kuma me za'a duba? Dokar Idaho cewa tayi in an yi jayayya likita ya tabbatar, ko ta duba al'aura, ko gwajin sinadarin testosterone wanda ya fi yawa a jikin maza, ko na ƙwayoyin halitta. Innalillahi, yarinya 'yar sakandare fa, dan kawai ta fi wata gudu! Kuma ba hasashe nake ba, a jihar Utah a 2022 iyayen wasu yara da aka kayar sun kai ƙorafi, hukumar wasannin makarantu ta bi takardun yarinyar da ta ci har zuwa na nazare ba tare da iyayenta sun sani ba, aka tarar mace ce tun fil azal. A wannan shekarar dai gwamnan jihar Spencer Cox ya ce cikin ɗalibai kusan 75,000 masu wasa huɗu ne kacal suka sauya jinsi, ɗaya ce ma ke wasa cikin mata. Kaga kenan idan ba'a yi hattara ba waɗanda za'a fi zuba wa ido su ne 'ya'ya mata na gaskiya, dogaye, masu kauri, masu babbar murya.

Mu ma nan Afirka mun ɗanɗana makamancin haka duk da ba abu ɗaya bane. Aminatou Seyni ta Nijar, ƙa'idar yawan testosterone ta hana ta gudun mita 400 a gasar Olamfik ta Tokyo sai ta koma 200, haka Christine Mboma ta Namibiya, kuma ba wani abu suka sha ba, halittar Allah ce.

Akwai wata ɗalibata, wallahi ban taɓa ganin mai gudunta ba, amma da yake ƙaƙƙarfa ce 'yan wata makaranta suka dinga ce mata mata-maza ranar gasa, ta koma gida tana kuka, sai da naje har zaure na roƙi babanta kafin ya barta ta dawo fili, dama can da kyar ya yarda. Da ace takardar likita aka nema a kanta ranar, na san ko makarantar ba zata sake takawa ba.

A watan Yulin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta karɓi shari'ar dokokin wasanni na jihohin Idaho da West Virginia. Roƙona Malam Edita, duk sanda zaku kawo mana labarin nan kar ku tsaya kan wa yayi nasara kawai, ku faɗa mana wa ke da ikon kai ƙorafi kan yarinya, me ake nema a hannunta, kuma wane hukunci ke kan wanda ya yi mata ƙazafi.

Nagode.

Wata malamar motsa jiki, daga Zariya