Zuwa ga Ummi, kan gwaiba da 'yan uwanta

Assalamu alaikum.

Ummi, ina gaishe ki, ya ƙarfin jiki? Allah Ya raba lafiya. Yayarki ta gaya mini cewa a wurin awo an ce jininki ya yi ƙasa, an ba ki jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini, kuma maigidan naki ya cika firji da tuffa da lemon kwali. Allah Ya saka masa, ƙauna ce ta sa. Amma shekarun da na yi ina aikin ungozoma ba za su bar ni in yi shiru ba, domin abin da jikinki yake nema yanzu yana kan tiren mai talla a bakin layinku, da araha.

Ki fara da gwaiba. A gram 100 nata akwai bitamin C fiye da miligram 200, lemon zaƙi yana da kamar 50, tuffar da ake ɗauko mana daga Afirka ta Kudu kuwa da ƙyar ta kai 5. Abin da ya sa na damu da wannan bitamin shi ne, sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da zogale da alayyahu, wanda da shi jiki ke ƙera jini, ba ya shiga hanji da sauƙi sai bitamin C ya raka shi. Shayi kuma akasin haka yake yi, riƙe shi yake. Don haka in kin ci wake da shinkafa, ki bi da gwaiba ɗaya ko lemo, ki ɗaga shayin nan da kike so zuwa bayan awa ɗaya ko biyu. Ƙwayar asibitin ma da ruwa ko lemon da kika matse da hannunki za ki sha ta.

In gwaiba ta yi wuya, ga 'ya'yan kuka. Farin garin nan mai tsami da masu nono ke damawa, wanda kuke fasa ƙwaryarsa da dutse kuna tsotsa har harshenku ya yi kanta, yana da bitamin C mai yawa da sinadarin ƙarfafa ƙashi. A shekarar 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a matsayin abinci, yanzu a ƙananan leda suke saye da tsada. Ki jiƙa shi a tafasasshen ruwan da ya huce, ki tace, ki zuba a fura ko kunu. Kada ki dafa shi, wuta tana kashe bitamin ɗin.

Na san ƙwayoyin ƙarin jini suna ɗaure ciki, shi ya sa mata da yawa suke jefa su ƙarƙashin katifa. Kada ki yi haka. Nunanniyar gwanda da safe, da kunun tsamiya, da yawan shan ruwa, za su sassauta miki. Gwanda da mangwaro, jan cikin nan nasu, jiki yana mayar da shi bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, kuma na ga masu juna biyu da ba sa gani da zarar magariba ta yi. Amma ki kula da kyau, nunanniya na ce. Ɗanyar gwanda, wadda in an yanka take zubar da farin ƙaro, ki nisance ta har ki sauka. Ƙaron nan shi ne yake narkar da nama in an naɗe shi da ganyen gwanda, kuma ana tsoron ya motsa mahaifa kafin lokaci. Abarba kuwa, yanka biyu ko uku ba sa zubar da ciki, ki ci abinki.

Dabino ba sai na tuna miki da umarnin da aka yi wa Nana Maryam ba. A ƙasar Jodan, a 2011, an buga wani bincike kan mata da suka riƙa cin dabino shida kullum a makonni huɗu na ƙarshe, aka ga naƙudarsu ta fi zuwa da kanta ba tare da an sa ruwan naƙuda ba. Binciken ƙarami ne, amma ya dace da abin da iyayenmu suka sani. Sharaɗi ɗaya, a fara gwada sugan jininki. In ya hau, dabino da mangwaro sai da ƙidaya, lemon kwali kuma ki bar shi gaba ɗaya, domin suga ne aka raba da zare-zaren 'ya'yan itacen da ke rage masa gudu.

Yanzu ga abin da ya fi hana ni barci. Saƙonnin nan da ake turawa a WhatsApp, wai a dafa ganyen gwanda da na mangwaro da na gwaiba a sha, ya warkar da zazzaɓin cizon sauro da taifod da hawan jini. Gaskiya ne masana suna binciken waɗannan itatuwa. A Malesiya da Siri Lanka an gwada ruwan ganyen gwanda ga masu dengi, wani zazzaɓin daban da sauro ke kawowa, a Masar an gwada goruba ga hawan jini. Amma gwaji daban, magani da aka san awonsa daban, kuma ba a kan mai ciki aka yi su ba. Zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin uwa, yana tsumburar da ɗa a ciki. Jikinki ya yi zafi, ki tafi a gwada jini a ranar. Ki sha maganin rigakafin da ake bayarwa wurin awo, ki kwana cikin gidan sauro. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, 'ya'yan itatuwa ƙarfi suke ba ki, amma ba za su kashe ƙwayar cutar da ta riga ta shiga jini ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla gram 400 na 'ya'yan itatuwa da ganye a rana. Ba wani abu ne mai yawa ba: gwaiba, ayaba, yankan gwanda, da miyar ganye. In maigida zai shiga kasuwar 'Yan Lemo, ya sayo abin da ake yayinsa, lemon Binuwai da sanyi, mangwaro da bazara. Ya guji wanda aka nunar da shi dole da sinadarin kabaid, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Za ki gane shi, bayansa rawaya shar, ciki kuwa tauri da tsami, ayabar ta yi ja amma wuyanta kore. Gara ya sayo ɗanye ki rufe a kwali tare da nunanniyar ayaba ɗaya, kwana kaɗan zai nuna da kansa. Wanda aka yanka aka shanya wa ƙuda a bakin titi kada ki taɓa, kuma komai ki wanke da ruwa mai tsabta kafin wuƙa ta shiga.

Ƙanenki zai shigo Kano ranar Juma'a, na ba shi tsamiya da 'ya'yan kuka da busasshen zogale. In kin koma awo ki sa a rubuta miki adadin jinin a katinki, ki karanta mini a waya. Ki gaida maigidan da surukarki, Babanku yana sa miki albarka.

Wassalam,
Mamanki