Ƙorafi Kan Waifa Mai Tashi Da Kanta

Zuwa ga Manajan Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa, mu masu gyaran wutar mota ne da masu sa gilashi. Kukanmu a kan waifar da kuke sa wa sababbin motocinku ne, wadda ke tashi da kanta idan ruwa ya sauko.

Na'urar da ke tada waifar ba ruwa take ji ba, haske take aunawa. Tana manne da gilashin gaba ta ciki, bayan madubin tsakiya, tana harba hasken da ido ba ya gani a karkace, kusan digiri 45. Idan gilashi a bushe yake, hasken ya dawo mata kusan duka. Ɗigo na sauka sai wani ɓangare na hasken ya tsere waje, kwamfuta ta tada waifa.

Tsakanin na'urar da gilashi akwai ɗan faifan jel na silikon, garau da shi. Duk lokacin da aka canza gilashi dole a sa sabo: a goge wurin da sifirit, a bari ya bushe, a danna jel daga gefe ɗaya zuwa ɗayan har iska ta fita. Kumfa ɗaya kamar kan ashana ta isa ta rikita lissafi. Sai ka ga waifa tana shara rana tsaka, ko ta yi gum ana tafka ruwa. Amma ku ba ku sayar da jel ɗin shi kaɗai, sai mutum ya sayi na'urar sukutum, alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau. Shi ya sa wasu ke mayar da tsohon da ya yage, mai mota kuma ya zo yana zagin bakanike.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne cire matakin shara jefi-jefi da direba ke saitawa da hannu. Yayyafi mai laushi yakan rufe gaban direba tun kafin ɗan wurin da na'urar ke kallo ya jiƙe. Idan kuma ta lalace, saura sannu da sauri kawai, roba ta yi ta kuka a kan gilashi.

Ga kuma ƙura. An bar sandar kunna waifa a kan otomatik, ɗigo biyu sun faɗo, roba ta ja yashi a busasshen gilashi. Zanen ba ya fitowa sai da dare, idan fitilar motar da ke tahowa ta haska shi.

Ku fitar da jel a matsayin kayan gyara mai lambarsa, ku dawo da saitin hannu, sannan ku sa otomatik ya riƙa kashe kansa duk lokacin da aka kashe mota. Muna jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Masu gyaran wutar mota da sa gilashi