Garin Vellore ba asibiti kaɗai ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Duk sanda jaridarku ta ambaci Vellore, maganar masu zuwa Indiya neman magani ce. Gaskiya ne asibitin mishan na garin, wanda likita Ida Scudder ta fara a 1900, ya yi suna har ƙasarmu. Amma akwai abin da ya fi shafar mu mutanen Kano a wannan yanki, wato jima.

Vellore yana jihar Tamil Nadu, kimanin kilomita 140 yamma da Chennai, a bakin kogin Palar. A tsakiyarsa akwai ganuwar dutse ta ƙarni na 16, inda Turawan Ingila suka tsare iyalan Tipu Sultan, Sarkin Mysore da ya yaƙe su. Nan ne sojojin Indiya suka yi bore a 1806, bayan an hana su barin gemu, aka kuma tilasta musu sabuwar hula mai ado da fata, abin da Musulmi da mabiya Hindu duka suka ƙi.

Garuruwan Ambur, Vaniyambadi da Ranipet, waɗanda ke cikin gundumar Vellore kafin a raba ta uku a 2019, cike suke da masana'antun fata, kuma yawancin manyan 'yan kasuwar Musulmi ne. Ba sa tsayawa ga jeme fata su sayar. Takalma da jakunkuna suke ɗinkawa, su tura Turai da Amurka. Mu kuwa fatar akuyarmu da duniya ke yabo, mafi yawanta fita take yi wasu su ɗinka su ci ribar.

To, amma arzikin ya zo da tsada. Ruwan dattin jima mai gishiri da sinadarin kuromiyam ya kwarara cikin Palar, rijiyoyi suka ɓaci, gonaki suka mutu. Mutanen yankin suka kai ƙara, kuma a 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa wanda ya gurɓata shi zai biya: ta ci kowace masana'anta tarar rupee 10,000 (kuɗin Indiya), ta ce a rufe duk wadda ba ta tace ruwanta, a kuma biya manoma diyya. Kada a ɗauka magana ta ƙare. A 2025 sai da kotun ta sake zama a kan wannan kogi, domin hukunci a takarda ba ya wanke ruwa.

Duk wanda ya san Challawa da Sharaɗa ya san warin da nake nufi. Roƙona shi ne ku tura wakilinku Ambur ya ga yadda ƙananan majema suka haɗa kuɗi suka gina matatar ruwa guda, da inda tsarin ya gaza, sannan ya dawo ya tambayi namu hukumomin ina aka kwana.

Naku,
Mai karatu daga Kano