Godiya ga ma'aikatan sashen cututtukan hanji na yara

Assalamu alaikum likitoci, nas-nas da ma'aikatan ɗakin gwaji.

Ni ce mahaifiyar yarinyar nan 'yar shekara 9 da muka kawo muku siket yana zamewa daga ƙugunta saboda rama. Kusan shekara guda ta yi tana fama da murɗawar ciki da gudawa, wani lokaci har da jini. Duk inda muka je sai a ce ƙwayar cuta ce, a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta sha, ta ɗan samu sauƙi, abin ya dawo. Ƙanenta ya kamo ta a tsawo ina ji ina gani.

A wurinku aka fara auna sinadarin kalprotektin a bayan gidanta, wanda yawansa ke nuna hanji ya kumbura. Aka zura kyamara aka leƙa hanjin, aka ɗebo ɗan nama aka gwada. Sai kuka ce cutar Crohn ce, wadda Dokta Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a New York tun 1932. Da na ji cewa ba a warkewa gaba ɗaya, sai dai a kwantar da ita, jikina ya yi sanyi.

Abin da ba zan manta ba shi ne zaman da likita ta yi da mu. Ta jawo kujera kusa da yarinyar, ta zana mata hanji a takarda. Ta ce mata, "A cikinki akwai bakteriya tiriliyoyi, kuma yawancinsu masu yi miki aiki ne." Ta rubuta mana sunan guda, Faecalibacterium prausnitzii, mai samar da sinadarin butiret da bangon babban hanji ke ci ya rayu. A cikin masu wannan ciwo irinta kan ragu, masu tsokanar garkuwar jiki su yawaita, garkuwar ta dinga kai wa hanjin hari. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba ya bambance mai amfani da mai cutarwa. Hawaye suka zubo mini, don ni da hannuna na yi ta ɗura mata. Likitar ta dafa ni ta ce, "Mama, ba ke kika jawo ba, har gado yana da hannu a ciki."

Ba ku fara da maganin sitiroyid mai rage kumburi ba, saboda yana iya danne girman yaro. Kuka ɗora ta a kan abincin ruwa na musamman, mako 8 ba ta cin komai sai shi. Makon farko kuka ta yi ta yi. Wata nas ta koya mana mu sanyaya shi, ta sha da tsinken zuƙa, ta kuma ba ta kalanda tana soke kowace rana da jan biro. Ranar da na kira a ruɗe da dare, an ɗaga waya, ba a ƙosa da ni ba.

Yanzu ta koma makaranta, tana shan maganinta, muna zuwa awo a kan lokaci. Siket ɗin nan ya yi mata kaɗan, kalandar kuma ta ƙi yarda a cire ta daga bango.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku naku 'ya'yan cikin ƙoshin lafiya.

Taku,
Mahaifiyar majinyaciyarku