A Daina Fara Wa Dogon Mutum Gyaran Babur Da Yankan Firam

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili mu yi magana da masu ƙera babura da masu walda kan wani kuskure da ya zama ruwan dare. Dogon mutum ya kawo kukan ciwon gwiwa da baya, sai a ɗauko abin yanka a ƙara wa firam, wato ƙarfen gangar jikin babur, tsawo. Alhali galibi matsalar tasa tana tsakanin wurare uku ne: kujera, matakin ƙafa da kan babur.

A fara da awo. Ya hau ya zauna sanye da takalmin da yake tuƙi da shi, wani ya riƙe babur a miƙe, a ɗauki hotonsa daga gefe. Idan gwiwarsa ta ɗara ƙugunsa tudu, to kujera ta yi kusa da mataki. Maganin farko shi ne a ƙara wa kujerar soso mai tauri, santimita 3 zuwa 5, a kuma baje tudun bayanta don ya samu ja da baya. Soso mai laushi ɓata kuɗi ne, yana hawa zai lotsa ya koma inda ya fito.

In hakan bai isa ba, a sauke matakin ƙafa da santimita 2 ko 3, kada a wuce. Duk abin da aka sauke an rage shi ne daga tazarar da ke tsakanin mataki da kwalta a kwana, kuma matakin da ya daki ƙasa yana iya ɗaga tayar baya. Sannan dole a sake saita birkin ƙafa da ƙarfen giya, in ba haka ba ƙafarsa za ta riƙa taɓa birki bai sani ba har ya ɗau zafi.

Kan babur shi ne ya fi cin mutane. Ana ɗaga shi da santimita 2 zuwa 3 ta hanyar sa masa ƙarfen ƙari daidai kaurinsa, ko milimita 22 ko 28.6. Amma wayar totur da ta kuloci da tiyon birki ba sa ƙara tsawo da kansu. Bayan an ɗaure, a tayar da inji, a karya kan zuwa ƙarshen dama da ƙarshen hagu. Idan ƙarar inji ta tashi, wayar totur ta ɗame, kuma haka za ta yi masa a tsakiyar kwana. A sake ta da mai tsawo, kada a yi mata dabara.

Dogo galibi yana da nauyi. In ya hau, ya kamata shokozoba ta nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyarta. In ta zarce haka ko bayan an matse ta, sifirin mai ƙarfi ake bukata, domin matsewa ba ta ƙara wa sifirin tauri. Wanda ya ɗaga baya kaɗai kuwa ya canza yadda tayar gaba ke tsayuwa, kan zai iya yin rawa a guje. A duba sakin sarƙa, a saita fitila, a ƙara wa ƙarfen kafe babur tsawo.

Sai duk wannan ya gaza ake taɓa firam, shi ma a ɗaure kan teburin saiti don kada zafin walda ya karkatar da shi. A zura gajeren bututu cikin mahaɗar, a huda na waje a cike ramukan da walda. Bututun famfo ba shi da wuri a nan ko kaɗan, ba don ɗaukar jijjiga aka yi shi ba. Kafin a sa fenti, a ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba a tabbatar suna kan layi ɗaya.

Naku,
Wasu masu ƙera babura